Ranar da Na Soya Lambun Maigidana

Maigidana mai zane ne, amma duk Unguwar Shanu mai fenti ake ce masa, kuma babu sunan da ya tsana kamar wannan. Mai fenti, in ji shi, shi ne wanda ake miƙa wa bokiti da buroshi a ce ya shafe bango. Shi kuwa allon shago yake zanawa: kawuna da salon aski, kofin shayi mai tururi, dawisu a bayan babbar mota. Matsalar kawai ita ce zanen nasa sai da bayani. Ya taɓa zana wa wani mai nama rago, mutane suka yi ta tambaya ko kare aka fara yankawa a unguwa, sai da ya koma ya rubuta RAGO a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Abin da ya fi so a duniya kuma lambu ne. Ni a sanina lambu wurin tumatir ne da albasa da latas. Nasa ba a cin komai a ciki. Da na tambaye shi amfaninsa, ya ce kallo. Na ce ashe akwai masu ƙoshi da kallo. Yana da takardu cike da tsarin lambuna a ƙarƙashin katifa, ga hanya, ga wurin zama, ga furanni kowanne da launinsa. Ya ɗan yi wa mutum biyu ko uku ƙananan lambuna a ƙofar gida, awaki suka gama da su kafin sati. Burinsa ɗaya ne: sau ɗaya dai ya ga lambun da ya zana ya tsaya a ƙasa, mutane su taru su gani, wani ya tambaya wa ya yi wannan. In ya fara wannan zance nakan gyaɗa kai in ce Allah ya sa albarka, hankalina yana kan kaskona. Sana'ata ke nan, cincin da fanke da dubulan nake soyawa.

Wata shekara wani Alhaji, darakta a ma'aikatar gwamnati, ya kira shi Malali ya rubuta masa lambar gida a jikin ƙofa. Maigidana ya tafi da takardunsa a aljihu, kamar kullum, ya kuwa yi sa'a. Alhajin zai ajiye aiki, za a yi masa walima a gida ranar wata Asabar, kuma bayan gidan fili ne fetal. Ya ga zanen, ya ce a yi masa. Sati biyu maigidana yana can yana haƙa, yana jera duwatsu, yana zuba tsakuwa. In ya dawo ko abinci ba ya iya ci sai surutu.

Ranar Alhamis da safe, saura kwana biyu walima, ya shirya zai tafi Rigachikun ɗauko taki. Yana sa hula ya ce, "Uwargida, yau ke za ki fitar da ni kunya. Direban Alhaji zai zo ya ɗauke ki, ki zaɓo fulawa, kin fi ni ido. Fara tas nake so, kada a haɗa miki da wata. Kuɗin da Alhaji ya ba shi duka ku ƙarar a kanta. So nake ranar Asabar kowa ya san an yi aiki."

To, jama'a, a yi mini adalci. Tun da na auri mutumin nan furanni yake cewa, da Hausarsa ta littafi. Sai ranar nan, don ya yi sati biyu a gidan 'yan boko, ya ga dama ya ce fulawa. Kuma wa ya gaya wa? Macen da kullum hannunta ke cikin kwaɓi, ana saura kwana biyu walima. Ni dai na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Har tausayinsa na ji, na ce ashe bawan Allah yana can yana yi mini talla.

Direban dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya tambaye ni inda muka nufa, na ce Babbar Kasuwa mana, ina kuma ake sayar da fulawa? Ya tayar da mota. Na zagaya rumfuna, na mutsuttsuka, na shinshina, na yi ciniki kamar zan yi faɗa, muka ɗoro buhu huɗu. Da canjin na haɗa da mai da sukari da yis. Na ce ya sauke ni a gida, don ba zan yi suya a kicin ɗin da ban sani ba. Kafin azahar na tara maƙwabta mata uku, murhu uku na ci, mun farke buhunan duka.

Ana cikin haka ya bugo waya daga Rigachikun.

"Kin samu mai kyau?"

"Fara tas, kamar auduga."

"Kin duba babu ƙwari?"

"Ko ɗaya. Ni za a sayar wa mai ƙwari?"

"Madalla. A sa ta a inuwa, a ɗan yayyafa mata ruwa."

"Malam, kai za ka koya mini aikina? Tun ɗazu na zuba mata ruwa, har ta fara tashi."

"Har ta fara tashi?" Na ji murna fal a muryarsa. "Kai, alhamdu lillahi! Wannan iri ne mai kyau."

Na ajiye waya na ci gaba da murza cincin, ina gaya wa matan nan yadda Allah ya ba ni miji mai kula.

Bayan la'asar ya shigo. Ya fara biyawa ta Malali ya sauke taki, bai ga komai ba, direba ya ce masa ai kaya suna gidanka. Ya yi sallama da fara'a, ƙafarsa duk taki, ya dubi tsakar gida. Roba-roba na cincin, tire-tire na dubulan, hayaƙi ko'ina. Ya ce, "Ina fulawar?" Na nuna masa da matsami, na ce ga ta nan, saura buhu ɗaya da rabi. Ya dubi roba, ya dube ni, ya dubi buhunan. Sai ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A hankali ya ce, "Ta dashe nake nufi."

Wata maƙwabciyata ta fashe da dariya har ta kusa faɗawa cikin kasko. Ni kuwa na so in yi masifa, don na shirya ta tsaf, amma da na ga fuskarsa sai na fasa. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya miƙa hannu ya ɗauki cincin ɗaya ya tauna, ya tashi ya shige ɗaki. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Mutum ya jira abu shekara da shekaru, ni kuma na soya masa shi cikin wuni ɗaya.

Komawa wurin Alhaji a nemi wani kuɗin, wannan ko a mafarki maigidana ba zai yi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Da sassafe ranar Juma'a na ɗauki mayafi na shiga gida-gida. Babu matar Unguwar Shanu da ba ta da wani abu da ta shuka a tsohuwar roba ko fasasshen bokiti bayan ɗaki. Na karɓo ɗoɗɗoya, na'ana'a, alayyafo, yakuwa, ganyen albasa, barkono, da ƙananan zogale biyu. Duk wadda ta ba ni na cika mata leda da cincin, abin da ba mu rasa ba ke nan. Na cika Keke Napep biyu na aika Malali, sannan na bi bayansu.

Na same shi tsaye a filin, takardarsa a hannu. Ya dubi robobin kamar an kawo masa gawa. Bai yi mini magana ba. Can sai ya fara ɗaga su ɗaya-ɗaya yana juyawa a rana. Ya sa alayyafo a baya saboda tsawo, yakuwa mai jan kara a tsakiya, na'ana'a a bakin hanya inda riga za ta goge ta ƙamshi ya tashi. Zogalen ya kafa su a gefe biyu na wurin zama. Da ya dawo daga masallacin Juma'a ya buɗe gwangwanayen fentinsa, ya fuskanci doguwar katangar da ke bayan shukar. Ya shafa kore mai duhu, sannan ya fara fitar da fararen furanni, waɗanda ke cikin takardarsa, daidai inda ya so su tsaya. Ni ina riƙe masa gwangwani. In yana son fari sai ya miƙo hannu, ba tare da ya kalle ni ba.

Ni na je na gaya wa Hajiya, matar Alhaji, gaskiyar abin da ya faru. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce dama tana ta tunanin abin da za a ba baƙi su tafi da shi. Alhaji kuwa ya fito ya zagaya, hannu a baya, ya ce, "Malam, ina fulawar tamu?" Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe za a raba ta a faranti." Alhaji bai gane ba, amma da yake tsohon darakta ne, ya gyaɗa kai ya ce da kyau.

Ranar Asabar gida ya cika. Maza suna rumfa ana jawabi, mata suka gangaro bayan gida, ni ina raba cincin. Da farko sun tsaya suna yabawa. Sai wata ta sunkuya ta ce, "Laa, ɗoɗɗoya!" ta tsinki kaɗan ta jefa a jaka. Shi ke nan kamar an buɗe kasuwa. Matan manya, da leshi da gwala-gwalai, suka duƙa suna tsinkar yakuwa. Wata har tambaya take ko akwai leda. Maigidana yana rakuɓe a jikin katanga da sabuwar rigarsa, yana kallo ana miya da lambunsa. Babu wanda ya tambayi wa ya yi. Wani baƙo ma ya miƙa masa makulli ya ce ya gyara masa fakin.

Sai aka fito da mahaifiyar Alhaji, tsohuwa tukuf, Basakkwata, aka zaunar da ita a wurin zaman nan tsakanin zogale biyu. Ta daɗe tana kallon lambun, tasbaha a hannu. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Wa ad da aikin ga?"

Hajiya ta nuna maigidana. Ya matso ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ɗana, Allah shi yi ma albarka. Amma waɗancan hwararen na baya, tun ɗazu rana ka dukan su, ko motsi ba su yi. Ba su ruwa kada su mace."

Wata ta buɗe baki za ta yi bayani, na danna mata dubulan a hannu na harare ta. Maigidana ya ce, "To, Inna." Ya je ya ciko buta. Ya bi katangar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana tsiyaya ruwa a gindin kowane fure, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Tsohuwa tana cewa yauwa, yauwa, ga wani can ka bari. Matan suna ƙunshe dariya a mayafi, shi ko a jikinsa.

Da butar ta ƙare ya biyo ta inda nake tsaye da tire. Kwana biyu ke nan bai yi mini magana ba. Ya tsaya, idonsa ya yi ja, ya ɗebi cincin cike da hannu.

Ya ce, "Uwargida, kin ji ta? Ban yi mata bayani ba fa."

Na ce na ji. Na juya baya na goge idona da gefen mayafi, shi kuma ya koma famfo ya sake cika butar.