Agogon Baba Mai Tafireta

Shekarun da aka fara Shari'a a Zamfara ina aiki a wani ofis a Ƙaura Namoda, ni ne mai kula da kwamfutoci. Sababbi ne, an haɗa su duka da wata babba da ke ɗakin shugaba. Da safe mutum zai buga sunansa da kalmar sirri, babbar ta ba shi tikiti mai ɗauke da lokaci. Da tikitin nan yake buɗe fayil, da shi yake aika aiki firinta. In agogon kwamfutarka ya saɓa da na babbar fiye da 'yan mintoci, sai ta ƙi ka, don tana zaton wani ne ya tsinci tsohon tikiti.

Akwai wani dattijo mutumin Zurmi, mai buga tafireta tun kafin a haife ni, kowa Baba yake ce masa. Ya fi kowa saurin gane bayanina, don a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura ya tashi.

"Tikitin jiya ba ya shiga jirgin yau, na gane, ɗana," in ji shi.

Amma shi kaɗai kwamfuta ta riƙa ƙi. Ya buga, ta ƙi, ya goge tabarau ya sake. Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙi, ban taɓa zama kujerarsa na duba ba. Daga bakin ƙofa nake ce masa yatsun tafireta ne, ya riƙa bugawa a hankali. Mutane su yi dariya, shi ma ya taya su. Da shugaba ya tambaye ni ko Baba zai iya, na ɗaga kafaɗa. Aka mayar da shi gida Zurmi, wani ƙaramin ofis marar lantarki, aka ba ni teburinsa da kwamfutarsa.

Ranar farko ni ma ta ƙi ni. Na kalli ƙasan allon, agogon ya yi gaba da kwata. Haka Baba yake yi wa kowane agogo, na hannunsa da na bango, don kada azahar ta same shi ba alwala, balle a lokacin da ake rufe ofis da kiran salla. Na gyara, ta buɗe nan take. Kunya ta rufe ni, na kasa shiga wurin shugaba in faɗa masa. Kullum sai in ce gobe.

Bayan damina na je Zurmi ta'aziyya, muka haɗu da Baba. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Injin nan hwa, shina amsa maka?"

"Tana amsawa, Baba."

"To madalla. Ashe dai ni na ban iya ba."

Na buɗe baki, sai ya duba agogonsa ya miƙe neman buta. Ladan bai ko taso daga gida ba.