Jinjina ga Baba Rubu'i, Mai Miƙe Wuyan Jita

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shago, amma ba ya ɗaukar kayan aiki sai takwas ta buga. Wannan rabin awar a kallo yake ƙarar da ita. Jitocin mutane ne rataye a bango, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sauko da kowace, ya kanne ido ɗaya, ya bi wuyanta da kallo kamar kafinta yana duba katako. Wata ya gyaɗa kai ya mayar, wata ya yi mata tsaki ya kwantar da ita a kan tebur.

A cikin wuyan kowace jita akwai wani dogon ƙarfe da ba a gani. In aka ɗaure shi, wuyan ya ja baya. In aka sassauta, tsirkiyoyi su janyo shi gaba. Shi wannan dattijo ba ya juya ƙarfen nan fiye da rubu'in juyi a rana. Rubu'i ɗaya, ya rataye, sai kuma gobe. Daga nan ya samo sunansa, kuma shekara talatin da takwas ke nan ana kiransa Baba Rubu'i. Ƙarshen watan nan zai rufe shago, don idanu sun fara gajiya.

Ni da nake wannan rubutu na taɓa ɗaga masa murya a shagonsa, a gaban mutane. Ba ni da haƙuri, duk gidanmu an sani, ko layin asibiti na bi sai na fita na dawo sau uku. Don haka in kun ji ina yabon mai jinkiri, ku san ba halina nake yabo ba.

Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shi ya fi kowa sanin labarinsa. Ya ce akwai ranar da wani makaɗi ya zo a guje, ko mota bai kashe ba, wai yana da wasa da la'asar, a murɗe masa ƙarfen gaba ɗaya yanzu-yanzu. Baba ya karɓi jitar ya rataye, ya shiga ciki ya ɗauko tasa ta kansa, ya miƙa masa. "Je ka yi wasanka da wannan," in ji shi. "Taka sai jibi." Makaɗin ya yi ta surfa faɗa, Baba ko a jikinsa. Mai agogo ya ce ya ga irin wannan ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa jin ƙarfe ya karye a hannun Baba ba.

Nawa labarin na yayana ne. Shekara ashirin da shida Yaya yana kaɗa jitar lantarki mai tsirkiya goma sha biyu, da ita ya riƙe gida, da ita aka san shi. Tsirkiyoyinta bibbiyu suke, kowane yatsa biyu yake dannewa lokaci guda, ba jitar rago ba ce. Shekara biyu da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun hagu ne ya tsaya a hanya, shi ne kuwa hannun da ke danne tsirkiya.

Jitar ta yi shekara ɗaya da rabi a ƙarƙashin gado, tsirkiyoyi a ɗaure, har wuyan ya ranƙwafa, tsirkiyoyin suka yi sama. Wata safiya Yaya ya janyo ta ya gwada. Ya danna, ya cije, jijiyar wuyansa ta fito, amma ba abin da ya tashi sai wani "ƙwas" mara rai. Ya rufe akwatin ya ce wa matarsa, "Ki ba duk wanda yake so." Daga ranar ya daina matsa ƙwallon robar da likita ya ba shi, ya daina fita ƙofar gida, hannun ya koma kwance a cinya. Na tsorata ƙwarai, don na ga in jitar nan ta bar gidan, Yaya ya sallama hannun ke nan har abada.

Na sungumi akwatin sai shagon Baba. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Ina mai ita?"

"Yana gida, Baba. Ba shi da lafiya."

"To ai rabin aikin kika kawo, 'yata. Koma ki zo mini da hannun."

Sai da na yi kwana biyu ina magiya, har da kukan ƙarya, kafin Yaya ya yarda ya biyo ni. Baba bai yi masa jaje ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya shimfiɗa damtsensa a tebur, ya ce, "Danna nan, yadda kake danna tsirkiya. Yatsa ɗaya-ɗaya." Yaya ya danna, Baba ya rufe ido yana ji. Da aka gama ya ce, "Manuni da na tsakiya suna nan da ransu. Na kusa da su yana gyangyaɗi. Ƙaramin kam ya tafi hutu bai yi sallama ba." Yaya ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a watanni.

Na ce, "Kwana nawa, Baba?"

"Sai abin da katako ya ce."

Wayyo ni! Kullum kafin in wuce aiki sai na leƙa. Rana ta farko rubu'i ɗaya, ya rataye. Ta biyu rubu'i ɗaya, ya rataye. A gida kuwa matar Yaya tana ta kirana a waya, wai ya koma shirunsa, wai ya ce da ma ya san ɓata lokaci ne. Ga ni a ofis, takarda a gabana, ko layi ɗaya ban karanta ba, sai kaɗa ƙafa. Rana ta huɗu na cika na yi fam.

Na faɗa shagon ko sallama ban gama ba. "Baba, don Allah ka cire shida! Ka mayar da ita mai tsirkiya shida kowa ya huta. Mutum yana can yana lalacewa, kai kana nan kana rubu'i-rubu'i kamar mai ɗiga magani a ido!" Mai agogo ya leƙo, masu wucewa suka tsaya.

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Cirewa aikin minti biyar ne. Amma zo ki duba nan." Ya nuna mini kan jitar, inda maɗauran tsirkiya goma sha biyu suke jere. "In yayanki ya buɗe akwati ya tarar da shida babu komai a jikinsu, kullum yana kallonsu, me kika gaya masa? Ni dai ba da hannuna za a gaya masa rabinsa ne ya rage ba."

Na fita na yi ta tafiya a titi ba inda na nufa, kunya da haushi sun haɗe mini, har na wuce tashar motar da nake hawa.

Baba Rubu'i, kai ne ka ga abin da ni ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ban gani ba. Ni jita nake son a gama, kai kuwa mutumin kake yi wa aiki. Ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba, kullum sai in kama wata hira. To yau ga shi a gaban jama'a: ka yafe mini.

Kwana goma sha ɗaya aikin ya ci. Ya canza tsirkiyoyin da sirara masu laushi, ya ɗan sassauta ɗaurinsu. Da wuyan ya miƙe, ya ɗauki wani ɗan siririn magagari ya bi gurabun tsirkiya goma sha biyun da ke kusa da kan jitar, yana zurfafa kowane kaɗan-kaɗan, ya goga sau biyu, ya hure, ya gwada. In tsirkiya ta yi sama, Yaya ba zai iya dannewa ba; in ta yi ƙasa da yawa, sai ta riƙa gogar ƙarafan wuyan tana zuza kamar ƙuda a kwalba. Tsakanin biyun bai fi kaurin reza ba, da reza ɗin ma yake aunawa. Mai agogo ya ce ya sha ganinsa yana gwada jitar da yatsu biyu kawai, a sanyaye, daidai ƙarfin da ya ji a damtsensa.

Ranar karɓa, Baba ya jona ta da sifika ya ɗora wa Yaya a cinya. Yaya ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora manuni da na tsakiya, ya kaɗa. Sauti ya tashi tas, cikakke, irin wanda muka taso muna ji ta bayan ƙofar ɗakinsa. Ya sake kaɗawa. Ni dai fita na yi waje, don ba na son a ga hawayena, Baba kuwa ya juya baya yana ta share teburin da ba datti.

Ku masu gyara, ko mota kuke taɓawa ko keken ɗinki ko jikin ɗan Adam, ga wanda za ku yi koyi da shi. Ku tambayi mai abu kafin ku taɓa abin. In irina ta zo tana zazzaga muku masifa a ka, ku bar ta ta gama, ku yi abin da ya dace.

Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa makon jiya ya faru. Ina shagon ina taya Baba haɗa kaya a kwali, sai ga Yaya shi kaɗai, da ƙafarsa, akwatin jita a hannun hagu, fuska a murtuke.

"Baba, aikinka ya lalace," in ji shi. "Wata biyar lafiya lau, yanzu kuwa da na danna sai muryar ta karkace. Tsirkiyoyin nan sun zama kamar zaren ɗinki."

Baba ya karɓa, ya kanne ido ya duba wuyan, ya kaɗa da kansa, sauti lafiya ƙalau. Ya mayar masa ya ce, "Kaɗa in ji." Yaya ya danna da yatsu huɗu, har da ƙaramin, muryar kuwa ta karkace. Baba ya yi dariya har da tari.

"Jita lafiyarta lau. Tsirkiyoyin masu raunin hannu ne na sa maka, kai kuma ka fi ƙarfinsu, matse su kake yi har suna ƙara." Ya juyo wurina. "'Yata, buɗe kwalin can da kika rufe, ki miƙo mini masu kauri."

Yaya ya ɗaga hannun hagunsa yana kallo, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idanun nan haske.