Barkar da na kai Dungas

Jama'a, yau na kai barka gidan makoki!

Kun san Malam Habu mai kilishi na Dungas, wanda nake auna shafinsa na intanet don memuwar ɗina, wato binciken kammala karatu? Satin nan sharhi ya yi ta zuba ƙarƙashin hotonsa. Mushe, malamin da ke duba aikina, ya ce adadi kawai za mu ƙirga, ban karanta ko ɗaya ba. Na ɗauka ciniki ne ya bunƙasa.

Na hau kabu-kabu har ƙofar gidansa. Ina sauka na ce, "Ina Malam? Kasuwa ta buɗe, barka!"

Ƙanensa ya dube ni. "Baiwar Allah, shekaranjiya muka binne shi."

Innalillahi! Na buɗe waya. Duk sharhin "Allah ya jiƙansa" ne.

A tsakiyarsu ga nawa na jiya: "Madalla, Allah ya ƙaro irin wannan!"