Yaya Mas'ud, Jirgin Bai Kawo Ni da Wuri Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 19 ga Agusta 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran yayana Mas'ud Ummaru Kurfi a wani asibiti a Dutsin-Ma, bayan ciwon yini guda. Ni Lubna, ƙanwarsa, ina Jidda inda nake aikin jinya.

Yaya, kai ka sa na tafi. Da aikin ya samu, Inna ta ce ɗiyarta ba za ta tsallaka teku ba. Ka zauna gabanta da wayarka, kai da ko ƙofar filin jirgi ba ka taɓa shiga ba, ka ce, "Inna, Jidda zuwa Kano bai kai awa biyar a jirgi ba. Wanda ya tafi Abuja a mota ma ya fi ta nisa. In wani abu ya taso, kafin ki gama tuwo ta iso." Inna ta yi dariya ta sa albarka. Ni ma na yarda da lissafinka.

Tun rasuwar Baba kai ne ubanmu. Kai ka riƙa goya ni a babur daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma lokacin jarrabawa, in ruwa ya tare mu ka lulluɓa mini rigarka, ka isa a jiƙe kana tsokanata da "Likitar Inna". Ko a Jidda ba ka bar ni ba. Duk mai zuwa Umara daga garinmu sai ka ɗora masa ƙullin kuka da daddawa.

Da safiyar Talatar aka ce ka faɗi a gona. Na bar majinyatana na shiga neman tikiti kamar zautacciya. Babu jirgin Kano sai Alhamis. Ina cikin roƙon ma'aikacin kamfanin jirgi ya duba ta wata ƙasa, sai Kawu Hudu ya kira ya ce ka cika. Na ce, "Kawu, don Allah ku jira ni, fuskarsa kawai zan gani." Ya ce, "Lubna, ba a ajiye gawa ana jiran jirgi. Ki yi masa addu'a daga inda kike." Gaskiya ya faɗa, amma har yau zuciyata ta ƙi ɗauka. Kafin magariba an kai ka makwancinka, ni kuwa ina durƙushe a filin jirgi.

Jirgin Alhamis bai wuce lokacin da ka faɗa ba. Na iso Kurfi na tarar da tabarmin zaman makoki da takalmanka a bakin ƙofa. Na raka baƙi da yawa zuwa numfashinsu na ƙarshe, Yaya, amma ɗan'uwana ko ruwa ban ba shi ba. Wa zan kai wa wannan ƙara?

Hutuna zai ƙare ranar Lahadi. Inna ba ta ce in zauna ba, sai dai duk inda na motsa idonta na kaina, hawan jininta kuma ya tashi. Na kasa haɗa kayana, na kasa kwance su.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe kurakuranka, ya sa kabarinka ya zama dausayin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka Azumi, da 'ya'yanka Talha da Batula, da duk dangi na Kurfi da Rawayau. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, in lokacin Inna ya zo, ka sa ina kusa da ita.