Rigunan da Baba Dogara Ya Rataya

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Dogara yana ɗinki a Angwan Iya, a wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa. A da, in salla ta matso, har daga Panda ake kawo masa yadi. Da fetur ya tashi, mudun masara ya ninka kuɗi, sai mutane suka koma sayen gwanjo. Yakan yi sati guda keken ɗinkinsa bai motsa ba.

Shi kuwa mutum ne da ba ya son a san halin da yake ciki. Sai ya kwaso tsofaffin rigunansa daga gida, da kayan marigayiya matarsa Zulaihatu, ya wanke, ya goge, ya rataye a igiya kamar ɗinkin da ke jiran masu shi. Duk Asabar yakan sauya musu wuri.

Ran nan masu haraji suka shigo layin. Tela ba ya rubuta abin da ya samu, don haka da ido suke kimantawa. Wata ma'aikaciya, Vera, ta gaishe shi da ladabi, ta ƙirga abin da ke igiya.

"Baba, ashe kasuwa na tafiya. Har goma sha tara!"

Ta faɗi abin da zai biya. Ko keken ya sayar, da ƙyar ya kai.

Maƙwabcinsa Natan mai walda yana tsaye a bakin ƙofa. Baba Dogara ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ba na mutane ba ne."

"Na'am? Janareto ya hana ni ji, Baba."

Ya ɗaga murya. "Nawa ne, da na matata da ta rasu. Wata biyu rabona da sabon ɗinki."

Vera ta sake duban igiyar. Ta soke abin da ta rubuta, ta sa shi cikin marasa samu. Natan ya kau da kai kamar bai ji ba.

Washegari sai ga Natan da wando a hannu. "Tsoho, ga aiki. Kada ka tsuga mini kuɗi fa!"

Baba ya duba. Da reza aka farke shi, ɗinkin ma bai tsufa ba. Kafin azahar mutum huɗu sun kawo irinsa.

Ya ɗinke su duka, bai karɓi ko sisi ba. Da la'asar ya rufe shagon, ya kai wa mai shi makulli. Yanzu a zauren ƙanensa yake wuni. In an tambaye shi sana'a, sai ya ce ido ne ya yi rauni.