Wayar Ƙanina a Hannun Dada

A shekarar da ƙanina ya rasu, babu aikin da na riƙe da kyau kamar wanda ba a biyana. Shagon hoto-kwafi nake tsaro a bakin Kasuwar Jalingo. In ciniki ya yi sanyi sai in jawo kwamfuta in shiga tantance ƙorafe-ƙorafen wata manhaja ta ɗaukar murya a waya. Kyauta ce, ba ta da mai ita, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu suna gina ta, kuma ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Ni ba na gyara komai. Nawa shi ne in karanta abin da masu amfani da ita suka rubuto, in gwada ko da gaske ne, in liƙa masa alama: wannan na gaggawa, wannan ya jira, wannan an riga an kawo irinsa, a rufe.

Da can aikin yakan tayar mini da hawan jini. Mutum ya rubuto "ba ya aiki" kawai, bai faɗi irin wayarsa ba, bai faɗi me ya taɓa ba, kamar wanda ya leƙa wurin likita ya ce ba shi da lafiya ya juya ya tafi. Nakan yi tsaki har mai sayar da takalmi na gefena ya tambayi wa ya taɓa ni. Bayan rasuwar, har tsakin ya tafi. Ina karantawa, ina liƙa alama, ina wucewa. Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi a zaman makoki ba. Mutane suka yi ta yabon haƙurina. Ni dai na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai.

Ƙanina direban keke napep ne, kuma rubutu ba ya cikin abubuwan da yake so. Ni na sa masa manhajar. Da ita yake ajiye wa mahaifiyarmu, da muke kira Dada, saƙo kafin ya fita, ya bar mata wayar a gida: yadda za ta sha magani, wanda zai kawo itace, abin da zai taho da shi daga kasuwa. Ba ya goge komai, shi ya sa wayar kullum a cike take. Da ya rasu Dada ta ƙulle wayar a bakin zane. Ƙanwata ta gaya mini kullum sai Dada ta saurari muryarsa. Na ce to. Daga unguwar Sarkin Dawaki inda nake zaune zuwa Sintali inda Dada take ba wata tafiya ba ce, amma sai na koma gaisuwar tsaye, in miƙa cefane daga bakin ƙofa in ce ana jirana a shago.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani ƙorafi ya shigo daga wata ƙasa mai nisa. Mai ƙorafin ya ce ya sabunta manhajar, sai duk tsofaffin muryoyinsa suka mutu. Sunayensu suna nan a jere, amma in ka danna, shiru. Na aika masa tambayoyin da na saba. Ya amsa cewa tsohuwar waya ce, kuma a cike take. Na liƙa masa alamar gaggawa, na wuce na gaba, har na yi wa wata mata kwafin takardun makaranta. Ina miƙa mata ne na tuna irin wayar da ke bakin zanen Dada, da cewa tana sabunta kanta da zarar ta samu data, ƙanwata kuwa takan saka mata don kiran 'yan uwa.

Ko a lokacin gabana bai faɗi ba. Na rufe shago, na ce wa mai takalmi ya sa ido, na tari keke.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Yau kuma ba shago?" ta ce.

"Dada, ara mini wayar nan."

Ta ɗora hannu a kan ƙullin. "Me za ka yi da shi?"

"Dubawa kawai. Akwai abin da zan kashe, don kada muryar ta lalace."

Ta daɗe tana kallona kafin ta kwance, ta roƙe ni da Fulatanci, tana kirana ɗanta. "Useko, bingel am, a hankali. Kar ka taɓa mini shi."

Na zauna a bakin tabarma. Gilashin wayar ya tsage ta gefe, bayanta har yanzu da baƙin mai. Na shiga na kashe sabuntawar. Sunayen muryoyin suna nan a jere, amma wannan ba hujja ba ce, haka na mutumin can ma suke. A aikinmu ba a cewa abu lafiya sai an gwada. Na danna ɗaya daga tsakiya.

Ƙarar inji ce ta fara fitowa, da hon, sannan shi. "Dada, farin maganin guda ɗaya ne, bayan kin ci abinci. Bayan fa, ba kafin ba, na san halinki. In Hamma ya zo ki ce ya jira ni, ba zan daɗe ba."

Hamma ni ne, haka yake kirana.

"Na ci," Dada ta ce wa wayar, a hankali, kamar yadda ake amsa wa na ɗaki. Sannan ta juyo gare ni. "Ya lalace?"

"Bai lalace ba."

"Alhamdu lillahi."

Na gaya mata zan kawo kwamfuta in kwashe su duka in ajiye a wuri biyu, har in yi mata na katin memori. Na yi ta bayani, bayanin da ba ta tambaya ba. Ta bar ni har na gama. Na miƙa mata wayar, na jawo takalmina.

Ba ta karɓa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Akwai da yawa da ya kira ka a ciki," ta ce. "Ni kaɗai nake ta amsa masa."

Na mayar da takalmin inda yake. Na zauna da wayar a hannuna har aka kira Azahar, ban danna ba, ban kuma tashi ba.