Jiƙon da Ke Bayan Ƙofar Yaya Hadiza

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Hadiza, Allah Ya jiƙanta. Lokacin ina aji biyar na firamare a nan Ƙauran Namoda. Ciwon daji ne, kuma allurar da ake yi mata ta kwantar da garkuwar jikinta, har likita ya ce ko mai mura kada ya zauna kusa da ita. Wannan mun kiyaye. Abin da ba mu kiyaye ba shi ne tsarabar masu dubiya.

A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ta kawo sassaƙe daga Dauran, waccan ta kawo garin magani a leda daga kasuwar Shinkafi. Mayar wa babba abin da ya kawo kuwa rashin kunya ne. Yaya takan karɓa da hannu biyu, ta sha a gabansu, ta yi godiya.

Ni ke zuba mata jiƙon da Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta kawo daga Zurmi. Yana cikin 'yar tukunya a bayan ƙofa. A kwana na huɗu na ga wani farin abu kamar auduga ya kwanta a samansa, warinsa ma ya canza. Na janye shi da ludayi, na zuba mata. Da zazzaɓi ya rufe ta muka koma asibiti, likita ya tambaya ko tana shan wani abu ban da nasu. Goggo na tsaye a wurin. Inna, mahaifiyarmu, ta ce a'a. Ni kuwa na kafa wa takalmina ido.

Ban ce jiƙon ne ya ɗauke ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma likitan da rabin labari ya yi aiki, sauran rabin yana bakina.

Yanzu maganin gargajiya ya koma ƙwayoyi a kwalba mai hoton ganye, ana tallarsa da lasifika a tasha, wai yana ƙara garkuwar jiki. Da Yaya na nan, ina jin dariya za ta yi, ta ce tukunyar Goggo ce ta yi sabuwar riga. Malamarmu ta kimiyya ce ta fahimtar da ni cewa abin da mai lafiya zai sha ya wuce, yana iya kayar da mai raunin garkuwa, ko ya yi karo da maganin asibiti.

Bana aka ɗora Inna a kan maganin ciwon gaɓoɓi mai rage garkuwa. Sai ga Goggo da kwalba.

"Wanga na zamani ne, ba jiƙo ba ne," in ji ta.

Na ce, "Goggo, bari mu gwada ma likita tukuna."

"Lalle! Ashe bebiyar gidanga ta yi baki?"

Nan na ba Goggo da Inna labarin farin abin nan da ludayi, karo na farko.  Sai Goggo ta buɗe jakar makarantata, ta saka kwalbar da kanta. "To ɗiyata, ke za ki kai mishi."

Ladabin Yaya bai bar gidanmu ba. Har yau da hannu biyu nake karɓar abin da babba ya kawo. Sai dai yanzu ba na zubawa sai na tambaya.